Metal Gear: in bi jerin fitowarsa ne, ko in bi jerin shekarun labarinsa?

Ɗan Mabera ya rubuta:

Assalamu alaikum, yayyena da abokaina. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni sanin wasannin Metal Gear na kamfanin Konami. Yayana ya bar mini PlayStation 3 ɗinsa da zai koma wurin aiki, kuma a cikin faya-fayan da suka zo da ita akwai Metal Gear Solid 4, da tarin nan na HD Collection wanda ya haɗa na biyu da na uku da Peace Walker. Wani abokina yana da na farko, wato Metal Gear Solid na 1998, mai faifai biyu, ya kuma yi mini alkawarin aro, tunda na'urar tana karanta faya-fayan PlayStation ta farko.

Iyakar sanina da gem shi ne ƙwallon da muke bugawa a shagunan unguwa, sai na dambe da na harbe-harbe, inda mai saurin hannu shi ke da nasara. Da na ɗan taɓa na uku sai na tarar da wani abu dabam, domin wasan ya fi son mutum ya kwanta rub da ciki a cikin ciyawa, ya jira soja ya juya baya, sannan ya rarrafa ya wuce ba tare da an san ya zo ba. Abin ya shiga raina ƙwarai, har na ƙudura niyyar bin jerin gaba ɗaya.

To, an gaya mini cewa labarin na uku ya faru ne a 1964, alhali na farko a 2005 aka saita shi. Shin in fara da na ukun tunda shi ne tushen labarin, ko kuwa in bi yadda aka fitar da su? Kuma shin gaskiya ne ana iya gama wasan ba tare da an kashe kowa ba?

Na Runjin Sambo ya amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka karɓo faifan abokinka ka fara da na 1998, sannan ka bi su yadda Hideo Kojima, wanda ya ƙirƙiro jerin, ya fitar da su: na biyu a 2001, na uku a 2004, na huɗu a 2008, Peace Walker a 2010, sai na biyar wanda ya zo kashi biyu a 2014 da 2015. Dalilina na farko ya shafi hannunka ne kafin ma a zo kan labari. Kowane wasa a jerin yana ƙara maka wani abu a kan wanda ya gabace shi. A na farko daga sama kake kallon Solid Snake, jarumin wasan, kuma dogaronka duka yana kan ƙaramar taswirar da ke kusurwar allo, wadda ke nuna maka inda kowane soja yake fuskanta da iyakar abin da idonsa ke iya gani. A na biyu aka ba ka damar saita bindiga kamar da idonka kake kallo, aka kawo bindigar allurar barci, aka bar ka ka ja sojan da ya sume ka ɓoye shi a cikin loka. A na uku kuwa aka ƙwace waccan taswirar, saboda a 1964 babu irin wannan fasahar, sai aka bar ka da idonka da kunnenka da kayan sajewa da daji. Wanda ya hau wannan matakala daga ƙasa yana jin daɗin kowane ƙari. Wanda ya fara daga sama ya gangaro kuwa, duk inda ya sauka sai ya ji kamar an ɗaure masa hannu, kuma da yawa daga nan suke ajiye na farkon su ce ya tsufa.

Amma a wurina bai tsufa ba, ko da yake fuskokin mutanen ciki babu ido babu baki sosai. Ka lura da filin farko da za ka fito a tsibirin Shadow Moses, can Alaska. Idan ka taka dusar ƙanƙara sawunka yana zama, kuma sojan da ya gan shi zai bi shi har inda ka ɓuya. Idan ka ƙwanƙwasa bango zai ji, ya bar wurin tsaronsa ya zo dubawa, kai kuma ka zagaya ta bayansa. Idan ka shige cikin kwali ka natsu a gefen hanya, yana iya wucewa, amma da ka motsa a gabansa sai alamar motsin rai ta bayyana a kansa da wannan ƙara mai tsinka zuciya, daga nan sai gudu. Waɗannan dabaru su ne harsashin duk abin da ya biyo baya, kuma a nan ne ake koyon su a fili.

Akwai wurare biyu da suke tsayar da sabon shiga, zan faɗa maka su domin ba su ɓata labari. Za a ce maka ka nemi lambar rediyon wata soja mai suna Meryl a bayan gidan faifai, kuma gidan faifan da ke hannunka ake nufi, na zahiri. Idan na abokinka ya ɓata, lambar ita ce 140.15. Sannan idan ka kai kan Psycho Mantis, wanda yake karanta duk motsin da za ka yi, maganinsa shi ne ka mayar da hannun gem ɗinka na biyu. A tsohuwar na'ura cire waya ake yi a soka a rami na biyu, a taka kuwa sai ka danna maɓallin tsakiya ka sauya lambar hannun.

Dalilina na biyu shi ne Big Boss. Tun daga na farko kake jin sunansa a bakin kowa, wasu na girmama shi, wasu na tsine masa, kuma ka san Solid Snake daga jininsa aka samo shi. Sai bayan ka sha jin wannan suna sannan na uku zai miƙa maka shi yana matashi, ba shi da wannan laƙabi tukuna, an tura shi dajin Tarayyar Sobiyet a tsakiyar Yaƙin Cacar Baka da umarnin ya kashe matar da ta koya masa komai. Nauyin wannan labari rabinsa yana cikin sanin abin da yaron zai zama daga baya. Kojima ya rubuta shi ne domin mutanen da suka riga suka san ƙarshen, shi ya sa ban yarda a fara da shi ba.

Malamin Arkilla ya amsa:

Yaya na Runjin Sambo, na karanta bayaninka a tsanake, kuma duk abin da ka faɗa game da dabarun wasan haka yake. Sai dai ban bi ka ba a kan shawarar, domin ka yi maganar ne a matsayin wanda ya riski waɗannan wasanni suna sababbi, shi kuwa ɗan'uwanmu daga ƙwallo ya fito, kuma abin da ya kama zuciyarsa tun farko shi ne ciyawar nan ta na uku. Ina ganin bai kamata a janye shi daga wurin da sha'awarsa ta kamu ba. Labarin na uku, wato Snake Eater, a tsaye yake da ƙafarsa: akwai soja, akwai malamarsa da ta koma ɓangaren abokan gaba, akwai injiniyan makamai da ake son ƙwatowa, kuma an jingina komai a kan abin da aka sani na tarihi, wato rikicin makamai masu linzami na Kuba a 1962. Mutum ba ya buƙatar sanin kowa kafin ya fahimta. Kuma wanda ke cikin HD Collection shi ne gyararren da ake iya juya kyamara yadda ake so, wanda ya fi sauƙi nesa ba kusa ba ga wanda ya saba da gem na yanzu.

Ni a nan ne na ga wasan ɓuya ya kai maƙura. Akwai lissafi a saman allo da ke nuna yadda kayanka suka saje da wurin da kake, kuma yana hawa idan ka kwanta, yana faɗuwa idan ka miƙe da gudu. Yunwa tana kama Snake, wato Big Boss yana matashi, hannunsa ya riƙa rawa wajen saiti, sai ka farauto maciji ko kwaɗo ko kifi, kuma naman yana ruɓewa idan ya daɗe a jaka. Idan ka fasa rumbun abincin sojoji, yunwa za ta raunana su har su ci duk abin da ka jefa musu. Faɗa da tsohon maharbin nan The End kuwa, a faɗin daji uku ake yin sa, kana bin sawu kana sauraren numfashinsa da na'urar jin sauti, irin haƙurin da maharban karkararmu ke yi a bakin fadama kafin nama ya fito shan ruwa. Wasu suna ajiye wasan a tsakiyar faɗan su tura agogon na'ura gaba da mako ɗaya, su dawo su tarar tsufa ya kashe shi. Ina roƙonka, ƙanena, kada ka bi wannan hanyar a karon farko, domin za ka hana kanka wurin da ya fi ko'ina daɗi.

Game da tambayarka ta biyu, a na farko akwai wuraren da dole ka harbi sojoji, amma a na biyu da na uku ana iya gamawa lissafin kisa yana nan babu ko ɗaya, idan ka riƙe allurar barci da shaƙewa har mutum ya sume. Kuma na uku yana riƙe maka lissafin ta hanyar da ba na mantawa da ita. Akwai wani kogi da za ka bi a ƙafa, inda duk wanda ka kashe tun farkon wasa zai taho yana kuka da irin raunin da ka yi masa. Wanda ya yi ta yanka makogwaro zai daɗe yana tafiya a cikinsu, wanda ya kame hannunsa kuwa kusan shi kaɗai zai ratsa ruwan.

Ta Gawon Nama ta amsa:

Malamai, ku ba ni dama in sa baki, domin ni da ƙannena muka bi wannan jerin a gida, kuma akwai abubuwan da ba a taɓo ba. Duk ta inda ya fara, kada ya kusanci na huɗu sai a ƙarshe. An yi shi ne domin ƙulle bakin zaren duk waɗanda suka gabata, har akwai babin da tsohon Snake yake komawa Shadow Moses ya tarar da wurin kango, kuma wannan ba zai taɓa zuciyar wanda bai san wurin yana raye ba. Ya kuma shirya wa dogon fim a cikinsa, domin na ƙarshe kaɗai ya haura awa ɗaya. A garin da wuta ke ɗaukewa ba sallama, sai ya riƙa ajiye wasansa duk lokacin da aka ba shi dama, ya kuma guji kunna na'urar da tsakar rana a watan Afrilu da Mayu. Ya ɗora ta a wurin da iska ke ratsawa, ya rufe ta da ƙyalle idan ba a aiki da ita saboda ƙurar hunturu.

Ina kuma so in kare na biyu, wanda mutane da yawa suka ƙi saboda an ɗauke musu Snake bayan babin jirgin ruwa aka ba su wani sabon jarumi, Raiden. Ni ina ganin shi ne ya fi duka hangen nesa. A 2001, kafin a san Facebook, wasan ya zauna yana bayani a kan zamanin da labarai za su yi yawa har gaskiya ta nutse a cikinsu, kowa ya zaɓi wadda ta yi masa daɗi, wasu kuma su ɗora wa kansu ikon tace wa jama'a abin da za su gani. Duk mai riƙe da waya a yau ya san wannan magana. Sai dai Turancin wurin yana da nauyi, don haka ya kunna rubutun da ke fitowa a ƙasan allo, ya bi shi sannu a hankali.

Abu na ƙarshe, akwai wurare a jerin da shigar wasu mata ba ta dace da tarbiyyarmu ba, musamman a na uku da na biyar, ga kuma wuraren azabtarwa. Ba wasan da za a kunna a tsakar gida yara na zaune ba ne.

Ɗan Mabera ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka muku da alheri. Na yanke shawarar karɓo na 1998 in gwada shi har zuwa kan Psycho Mantis, idan hannun ya gagare ni sai in koma na uku kamar yadda Malam ya ce. Yaya, saura abu ɗaya: na ga tsofaffin wasanni biyu a cikin na uku, masu zane irin na da can. Su ma dole ne?

Na Runjin Sambo ya amsa:

Su ne asalin jerin, Metal Gear na 1987 da Metal Gear 2: Solid Snake na 1990, waɗanda aka yi wa kwamfutar MSX2 a Japan. Na 1987 yana da wahalar bi idan babu jagora, domin za ka yi ta gwada katin buɗe ƙofa ɗaya bayan ɗaya, kuma na 1998 yana da taƙaitaccen labarinsu duka biyu a rubuce, ka karanta shi kafin ka fara. Na 1990 kuwa ya cancanci lokacinka, domin a cikinsa aka fara rarrafe da taswirar kusurwa da sojoji masu jin ƙarar taku, amma ka bar shi sai ka gama na uku, lokacin da za ka so sanin yadda Big Boss ya ƙare.