Wace kalma za mu sa wa abin da kamfani ke cewa zai samu?

Ɗalibin Jidda: Assalamu alaikum. Gobe bayan isha'i zan yi wa 'yan kasuwarmu na nan Jidda bayani kan yadda masu zuba jari ke kallon kamfanonin fasaha masu ɗauke hedkwatarsu daga wannan gari zuwa wancan. Kalma ɗaya ta tsaya mini, wadda Turawa ke cewa "guidance". Duk bayan wata uku kamfani yakan fitar da rahoton abin da ya samu, sannan ya faɗi cinikin da yake sa ran yi a wata uku masu zuwa. Wannan na biyun nake nema wa suna. Jaridun nan tawakku'at suke cewa, ni kuwa Hausa nake so.

Hajiyar Makka: Wa alaikumus salam. Hasashe mana, ɗana. Hasashen rubu'in shekara.

Ɗalibin Jidda: Hajiya, na riga na ba masu nazarin kasuwa hasashe, domin su ma suna fitar da nasu lissafin tun kafin kamfani ya yi magana.

Akawun Riyad: Ka yi daidai, kada ka yarda su haɗu a kalma ɗaya, don ratar da ke tsakaninsu ce ke ɗaga hannun jari ko ta kayar da shi. A watan Mayun 2023 Nvidia, mai ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta, ta ce tana sa ran cinikin kusan dala biliyan 11 a wata uku masu zuwa, alhali masu nazari biliyan 7 da ɗoriya suka sa mata. Washegari hannun jarinta ya tashi da kusan kashi 24 cikin ɗari. Meta kuwa, mai Facebook, a Fabrairun 2022 abin da ta faɗa bai kai wanda ake jira ba, ga masu shiga Facebook kullum sun ragu, sai nata ya faɗi da kashi 26 a yini ɗaya. Bar wa na waje hasashe, na kamfani ka ce kintace. Mai kintace ya san kayan da ke hannunsa, daga nan yake auna na gobe.

Malamin Madina: Tun bara nake gaya muku akwai kalma, hangen zango. Ayari idan ya sauka a zango, madugu ne ke hango na gaba ya faɗi yadda tafiya za ta kasance. Kalma ɗaya ta ɗauki hangen da kuma lokacin. Rubu'i Larabci ne, kwata kuma Turanci, kuma Bahaushe idan ya ji kwata wurin mahauta hankalinsa ke tafiya. Hedkwatar da kuke ta maimaitawa ma, me ya hana a ce mazaunin kamfani?

Akawun Riyad: Allah gafarta Malam, kalmar tana da daɗin ji, amma zangon karatu uku ne a shekara. Wanda ya yi makaranta a gida zai ɗauka wata huɗu ake nufi. Dama ga wani ruɗanin: Microsoft a ƙarshen Yuni take rufe shekarar kuɗinta, Apple a ƙarshen Satumba, don haka rubu'in farko na Microsoft daga Yuli ne zuwa Satumba.

Malamin Madina: Ku da kuka daɗe a nan kun saba da aro har kunnenku ya daina jin bambanci. Yaro ya zo gaishe ni, waya ta zama jawwal, mota ta zama sayyara. Idan mu ma masu karatu muka bi su, wa zai riƙe harshen?

Hajiyar Makka: Malam, wannan magana ta yi mini zafi. A Makka aka haife ni, kuma da Hausa kakata ta rene ni, da ita nake yi wa jikokina tatsuniya. Riba da lissafi daga ina suka zo? Malam ɗin da muke kiranka ma daga Larabci yake. Hausar Kano ba ta fi tamu tsarki ba, ku aron Turanci kuka yi, mu na Larabci.

Malamin Madina: Hajiya, ban raina kowa ba. Tsoro nake ji wa yaran.

Ɗalibin Jidda: Iyayena, ku yi haƙuri, lokaci ya ƙure mini. Yaya Akawu, batun ƙaurar fa?

Akawun Riyad: A nan ma ka raba biyu. A Amurka, Oracle mai yin manhajar kwamfuta a Disambar 2020 ta mayar da hedkwatarta daga Kalifoniya zuwa Ostin a jihar Tekzas, Tesla mai ƙera motocin lantarki ta bi a 2021. Tekzas ba ta karɓar harajin jiha a kan albashi, kuma kamfanoni da dama na kuka da tsadar Kalifoniya. Mai zuba jari bai damu da sabon adireshi ba, tambayarsa ita ce ko kuɗin da ake kashewa zai ragu, kuma ko ƙwararrun ma'aikata za su bi. Amsar a kintacen kamfani yake dubanta. Na kamfanonin waje masu buɗe ofishi a Riyad daban ne. Tun Janairun 2024 dokar ita ce hukumomin gwamnatin Saudiyya ba sa ba kamfanin waje kwangila sai yana da hedkwatar yanki a ƙasar, ban da 'yan wuraren da aka keɓe, kuma an yi wa ofisoshin rangwamen haraji na shekara 30. Uwar kamfanin tana nan a ƙasarta, ofishin da ke kula da yankin ne ya zo. Kada ka ce sun ƙaura.

Ɗalibin Jidda: To ga abin da zan rubuta: hasashen masana, kintacen kamfani na wata uku masu zuwa, da hedkwatar yanki. Na bar rubu'i, na bar zango.

Malamin Madina: Kintace Hausa ce, na yarda da ita. Wata uku masu zuwa kuwa bayani ne, har yanzu ba mu da suna. Hedkwata kuma ban karɓa ba. Ɗalibaina hangen zango zan ci gaba da koya musu.

Hajiyar Makka: Ɗana, idan ka gama gobe ka turo mana muryar, mu ji ko 'yan kasuwar sun gane kintace ba tare da ka tsaya fassara ba.