Me za mu kira compiler da Hausa?

Daga Aliero:
Assalamu alaikum. Ɗalibanmu na rubuta "mai fassara" a madadin compiler, kuma kalmar ta yi faɗi. Tana iya nufin abubuwa uku daban: wanda ke juya shirin kwamfuta gaba ɗaya zuwa asambuli (yaren umarni mafi kusa da na'ura) kafin a tada shi, wato compiler, wanda ke bin shirin layi-layi yana aiwatarwa, da wanda ke mai da asambuli lambobin na'ura.

Daga Gusau:
Wa'alaikumus salam, Malam. Na biyun ai tafinta ne, Hausa ta riga ta raɗa masa suna. Na farkon ina ganin "maharhaɗi".

Daga Birnin Kebbi:
Ɗan'uwa, harhaɗawa aikin linka ne, wanda ke ɗinke guntayen fayil a ƙarshe. Dubi yadda GHC, compiler ɗin yaren shirye-shirye na Haskell, ke yi. Yana bi da shirin ta yarukan tsaka-tsaki: ya rage shi zuwa Core, ya mai da shi STG, sai Cmm, sannan asambulin x86-64, wani tsarin processor. A hanya, duk aikin (function) da ya kama ƙima daga wajensa ana mai da shi ƙunshi: adireshin umarninsa haɗe da ƙimomin da ya kama. Lissafin da ba a nemi amsarsa ba tukuna ba a yin sa, alkawarinsa ake ajiyewa. Shi ya sa in ba a kunna -O (zaɓin inganta shiri) ba, foldl, aikin da ke bin jeri yana tara sakamako, a kan lambobi miliyan 10 ke tara alkawura su cinye RAM, alhali ɗan'uwansa foldl' na biyan kowanne nan take. Ga kuma kiran da ya zo ƙarshen aiki, dole ya zama jmp, umarnin tsallake ba tare da ajiye wurin dawowa ba. Da call, umarnin kira mai ajiye wurin dawowa, za a yi, kowane zagaye sai ya ƙara kaya a sitak, ma'ajiyar kiraye-kiraye, har ya cika. Rijista kuma, wato ƙananan ma'ajiya na cikin processor, ta gama-gari 16 ce kawai a x86-64, ƙimar da ba ta samu wuri ba sai a zuba ta ƙwaƙwalwa, shirin ya yi nauyi. Duk wannan sauya siffa ne, ma'ana na nan. Ni "majuyi" nake so.

Daga Gusau:
To "mai saukewa" fa, tunda daga sama ake gangarowa?

Daga Birnin Kebbi:
Masu waya sun riga mu, saukewa daga intanet za a ɗauka.

Daga Aliero:
Majuyi ya zauna a baki, ga misali da OCaml, wani yaren shirye-shirye: "majuyin OCaml ya ƙi shirin, nau'in ƙima bai dace ba." Jam'i majuya. Na ukun, mai mai da asambuli lambobin na'ura, a bar shi asambula, sai in wani yana da wadda ta fi.