Wace kalma za mu ba "vendor lock-in"?

Jama'a, ina fassara wani rubutu kan yadda gwamnatoci ke jingina da fasahar ƙasashen waje, sai wannan kalma ta tsaya mini a wuya. Nufinta, ma'aikata ta ɗora albashi da haraji da takardunta kan manhajar kamfani guda, har a wayi gari rabuwa da shi ta fi zama da shi tsada.

Wani ya kawo "dogaro da kamfani ɗaya". Ba laifi, sai dai ya yi sanyi. Mai dogaro yana iya janye jiki ranar da ya ga dama, wannan kuwa ina!

Wata 'yar'uwa ta ce "bautar dijital". Hajiya, a yi haƙuri, ta yi nauyi. Ba kamo gwamnati aka yi ba, da hannunta ta sa hannu a kwangilar, kuma sau da yawa aiki yakan ƙara sauri bayan nan. Abin da ke sa a saki jiki ke nan.

Ni dai "ɗaurin talala" ya kwanta mini. Dabbar da aka yi wa talala tana kiwonta, tana kai-komo, ba ta sanin a ɗaure take sai ta kai ƙarshen igiya. A 2019 masu amfani da manhajojin kamfanin Adobe na Amurka a ƙasar Benezuwela sun ga ƙarshen tasu, lokacin da kamfanin ya ce zai rufe asusunsu saboda takunkumin Amurka, kafin daga baya ya samu izinin ci gaba.

Kwance igiyar ma aiki ne ja. Birnin Munich na Jamus ya kwashe shekaru yana raba kwamfutocinsa da manhajar Windows ta kamfanin Microsoft zuwa Linux, manhajar da ba mallakin kamfani guda ba ce, amma a 2017 majalisar birnin ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows. Jihar Schleswig-Holstein ta Jamus kuma a 2024 ta ɗaura aniyar mai da kwamfutoci kusan 30,000 kan LibreOffice, manhajar ayyukan ofis ta kyauta. Kuɗin lasisi ba shi ne turken ba. Turken su ne tsofaffin fayiloli da ma'aikatan da hannunsu ya riga ya faɗa kan abu guda.

Malam ya yi mini gyara cewa 'yan jarida sun riga sun ba tsare mutum a gidansa wannan suna. Gaskiya ne, Allah ya gafarta Malam, shi ya sa na ƙara masa jela: "ɗaurin talalar fasaha". Ku gwada a baki: "Kamfanin ya yi wa ma'aikatar kuɗi talala." Ni ban ji ta yi tuntuɓe ba.

Saura kishiyarta. "Cin gashin kai na fasaha" nake da shi a hannu, amma ya yi tsawo a kanun labari. Wa ke da gajere?