Bahagon Chicago: yadda ta kaya a zauren 'yan besbol

Ɗan Chicago: Salamu alaikum. Ina masu dariya? Duk bara ba ku bar ni na sha ruwa a zauren nan ba don ƙungiyarmu ta White Sox ta sha kashi sau 121 a 2024. Har hoton makara wani ya turo mini, kuma na san shi. To ku buɗe kunne. A Yulin 2024 mun ɗauko mai jifa Hagen Smith daga Jami'ar Arkansas, shi ne na biyar a zaɓen matasa, an ba shi dala miliyan 8 na sa hannu. Shekararsa ta ƙarshe a jami'a ya kori masu duka 161 a zagaye 84. Ranar da suka haɗu da Oregon State zagaye shida ya yi, cikin mutum 18 da aka fitar 17 shi ya kore su da hannunsa. Jifansa na gudu yana taɓa mil 100 a awa, silaidarsa kuwa, wato jifansa mai lanƙwasa, sai ta nufo haƙarƙarin mutum sannan ta zille. Ku rubuta ku ajiye, nan da shekara uku bahagon nan zai ɗauki kyautar Cy Young ta gwarzon mai jifa na shekara.

Direban Tasi: Wa alaikumus salam. Madalla. Nawa za ku sayar da shi?

Kawu: Tsaya ɗana. Wa ka kira bahago?

Ɗan Chicago: Kawu, ai da hagu yake jifa.

Kawu: Mai jifa da hagu daban, bahago daban. Mu da muka tashi a gidan dambe, ba a ce wa mutum bahago don kawai ya naɗe hannun hagu da zare. Sai ya shiga fili, ya yi kisa, makaɗa sun ɗauki sunansa. Yaron naka wa ya kashe? 'Yan makaranta?

Ɗan Chicago: Cikin 'yan makarantar da ya kora ranar akwai Travis Bazzana, wanda Cleveland ta ɗauka na ɗaya a zaɓen.

Kawu: Shi ma ɗan makaranta ne.

Maman 'Yan Biyu: Kawu, ka yi haƙuri, amma wannan ba haka ba ne. Duk wanda hagunsa ta fi ƙarfi bahago ne, ko bai taɓa ganin dambe ba. Ɗana da ke wasan yara a nan Bronx bahago ne tun yana rarrafe. Da muka je gida hutu wata tsohuwa ta dinga buge masa hannu da ludayi duk ya miƙa hagu, har yaron ya daina karɓar abu a gabanta. A nan kuwa kocinsa rawa ya kusa yi da ya ga hannun da yake jifa da shi.

Malam: Hajiya, cin abinci da dama sunna ce, tsohuwa ba ta yi laifi ba wajen koya masa. Duka ne dai babu kyau. Jifan ƙwallo kuma ba ruwan kowa da hannun da aka yi shi.

Maman 'Yan Biyu: Malam, ban ce ya ci da hagu ba. Kada a sa mini magana a baki.

Malam: Ban ce kin ce ba.

Maman 'Yan Biyu: To me ya kawo sunna?

Ɗalibi: Iyayena, a ba ni minti ɗaya a kan yaron da kansa. Ana tsadar mai hagu ne don a cikin mutum goma kusan ɗaya ne bahago, masu duka ba su saba ganin ƙwallo daga wannan ɓangaren ba, kuma fuskarsa na kallon tushen farko inda mai duka ke fara tsayawa, satar gudu zuwa tushe na gaba na yi wa mutum wuya. Shi Smith yana sauke hannu ƙasa-ƙasa, yana taka ƙafa a karkace, sai ƙwallon ta fito wa mai duka ɗan hagu kamar daga bayansa. Abin tambaya uku ne. Jifa biyu ya dogara da su, na gudu da silaida, na ukun bai nuna ba, kuma a babban lig idan ka zagayo kan masu duka karo na uku sun riga sun karance ka. Yana yawan ba da tafiya kyauta, wato jifansa ya kauce sau huɗu mai duka ya wuce tushen farko ba tare da ya buga ba. Sannan an yi masa tiyatar gwiwar hannu, wadda ake kira Tommy John, tun yana sakandare. Idan saitinsa bai gyaru ba, ƙarshenta mai rufe wasa zai zama, ba mai buɗewa ba.

Kawu: Kun ji ko? Bahagon da aka ɗinke wa hannu.

Ɗan Chicago: Tarik Skubal ma an yi masa wannan tiyatar yana jami'a. Sai a zagaye na tara na zaɓen matasa Detroit ta ɗauke shi a 2018, ga shi ya ɗauki Cy Young a 2024 babu wanda ya ƙi zaɓensa. Shi ma ba bahago ba ne?

Kawu: Shi wannan ya yi kisa. Bahago ne.

Maman 'Yan Biyu: To kafin 2024 da wane hannu yake jifa, Kawu?

Direban Tasi: Ku bar wahalar da kanku. Ko ma me sunansa, ba a Chicago zai tsufa ba. Chris Sale ku kuka raine shi, kuka miƙa wa Boston a 2016. Garrett Crochet, Boston a Disambar 2024. Carlos Rodón ku kuka zaɓe shi na uku a 2014, yanzu rigar Yankees ce a jikinsa. Ku kiwo, wasu yanka.

Ɗan Chicago: Yaya, ɗan Yankees ne zai koya mini kiwon bahago? Ina Brien Taylor? Na ɗaya a zaɓen 1991, kuka ba shi dala miliyan 1.55, ya je ya lalata kafaɗa a faɗa a 1993, ko wasa ɗaya bai buga a babban lig ba.

Kawu: To shi wannan ya fi kusa da dambe.

Ɗan Kumasi: Kawu ka kashe ni 😂

Direban Tasi: Ka tono abin shekara talatin don ba ka da na jiya. Mu mun je gasar ƙarshe ta cin kofi, World Series, a 2024.

Ɗan Kumasi: Kun je kun dawo. Wasan farko kuka sako Nestor Cortes, mai hagu, ya fuskanci Freddie Freeman na Dodgers mai duka ta hagu. Jifa ɗaya Freeman ya aika ta cikin 'yan kallo, mutum huɗu suka shigo, aka tashi. Ina lissafin Ɗalibi na hagu da hagu?

Ɗalibi: Cortes daga jinya ya dawo, kuma jifa ɗaya ba ya rushe lissafin shekaru.

Direban Tasi: Ɗan Mets ba shi da bakin magana. Dala miliyan 765 kuka zuba don ku ɗauke mana ɗan wasanmu Juan Soto.

Ɗan Kumasi: Da kuɗinka muka biya?

Direban Tasi: Tunda ka ambaci kuɗi, ina kuɗin tikitin da na saya maka ranar da muka je filin Yankees? Har kaza ka ci a kaina.

Ɗan Kumasi: Subhanallahi. A gaban mutane? Ba na ce ka cire a zubin adashe ba?

Maman 'Yan Biyu: Kada wanda ya taɓa adashe. Ni ke riƙe da littafin, ba a cire komai.

Malam: Bashi dai a rubuta shi, haka aka umarce mu.

Ɗan Chicago: Jama'a ni fa maganar Hagen Smith na kawo. Tun yana sakandare a Bullard ta Texas ya yi wasa bakwai a shekara ɗaya babu wanda ya samu bugu ko ɗaya a kansa. Bakwai! Ba mai cewa komai?

Kawu: 'Yan sakandare kuma yanzu? Ƙasa muke yi.

Ɗalibi: Randy Johnson ma shekara uku a jere ya fi kowa ba da tafiya kyauta a lig ɗinsu, daga 1990 zuwa 1992, daga baya ya ɗauki Cy Young biyar. Saiti yana gyaruwa. Amma ba kowa ba ne Randy Johnson.

Ɗan Chicago: Yauwa! Ɗalibi ya ce shi ne sabon Randy Johnson.

Ɗalibi: Wallahi ban ce ba.

Shugaban Zaure: To ya isa haka, wasu da asuba za su fita aiki. Ga abin da aka tsayar ga waɗanda ba su bi ba. Ɗan Chicago ya kawo wani yaro da bai taɓa jifa a babban lig ba, an ɗinke masa hannu, kuma Ɗalibi ya tabbatar ba shi da saiti. Kawu ya yi gaskiya, ba a kiransa bahago sai ya yi kisa, babu wanda ya kawo hujjar da ta karya wannan. Zancen Cortes da Brien Taylor ba shi ne a gabanmu ba, na goge shi. Mai son ganin bahago na gaske ya zo Bronx ya kalli Max Fried na Yankees, shekara takwas, dala miliyan 218. Idan yaron Chicago ya yi kyau, in sha Allahu za mu saye shi. Ɗan Kumasi ya biya kuɗin tikiti kafin Juma'a. Na rufe zaure sai da safe.