Padres ta yi musayar Juan Soto a wannan hutun ko ta riƙe shi? (Tattaunawar da aka yi a ƙarshen Nuwamban 2023, bayan an kammala kakar besbol ta Amurka)

Baban Ummi

Assalamu alaikum 'yan uwa masu bin besbol. Taron hunturu na shugabannin ƙungiyoyi ya ƙarato, farkon Disamban 2023 za a yi shi a Nashville, kuma maganar da ta cika gari ita ce San Diego Padres na neman rabuwa da Juan Soto. Abin ya ɗaure mini kai. Yaro ne ɗan shekara 25, ya buga wasanni 162 cif a kakar 2023, ya yi homron 35, wato bugun da ke tsallake katangar fili, masu jifa sun bar shi ya wuce kyauta sau 132 saboda tsoron sandarsa. A watan Agustan 2022 sai da Padres ta ba Washington yara biyar, cikinsu har da CJ Abrams da MacKenzie Gore da James Wood, ta haɗa da Luke Voit, kafin ta same shi tare da Josh Bell. Me ya yi zafi da za a sake shi bayan kaka ɗaya da rabi? Idan kuma dole ne, me ya kamata A.J. Preller, mai kula da cinikin 'yan wasan Padres, ya nema? Babu wani da za a fitar a madadinsa?

Malam Lissafi

Wa alaikumus salam Baban Ummi. Ka fara cire tsarin ƙwallon ƙafa daga ranka, inda ake biyan kuɗi a sayi ɗan wasa a rubuta masa sabon kwantiragi. A nan ɗan wasa yana tafiya ne da kwantiraginsa yadda yake, saboda haka abin da ake saye shi ne shekarun da suka rage yana hannun ƙungiya. Kwana 172 a babban rukuni, wato babbar gasar MLB, shi ne shekara ɗaya ta aiki. Daga shekara uku ɗan wasa zai iya kai maganar albashinsa gaban masu yanke hukunci, idan ya cika shida ya zama mai cin gashin kansa, ya je inda ya ga dama. Soto zai cika shida a ƙarshen kakar 2024. Ke nan kaka ɗaya tak ta rage wa Padres, kuma ita kaɗai za ta iya sayarwa.

Kakar ma ba mai arha ba ce. Ya karɓi dala miliyan 23 a 2023, kuma ana sa ran na 2024 zai haura miliyan 30. Maganar sabunta kwantiragi kuwa, wakilinsa Scott Boras ne, wanda aka sani da kai 'yan wasansa kasuwa, kuma Soto ya riga ya ƙi tayin dala miliyan 440 na shekara 15 da Washington ta yi masa a 2022. Wanda ya ƙi wannan yana da saura shekara biyu da rabi, ba zai sa hannu yana saura wata goma sha biyu ya shiga kasuwa ba.

Duba kuma abin da ke kan Padres. Manny Machado miliyan 350 a shekara 11, Xander Bogaerts miliyan 280 a shekara 11, Fernando Tatis miliyan 340 a shekara 14, Yu Darvish miliyan 108 a shekara 6, Joe Musgrove miliyan 100 a shekara 5. Kamfanin da ke nuna wasanninta a talabijin ya daina biya a watan Mayu, har hukumar gasar ta karɓi aikin nunawa da kanta. Mai ƙungiyar, Peter Seidler, wanda shi ne ke buɗe bakin aljihu, ya rasu ranar 14 ga Nuwamba. Sannan ga harajin wuce iyaka, wanda ƙungiya ke biya idan jimillar albashin 'yan wasanta ta haura iyakar da aka sa. Iyakar 2024 dala miliyan 237 ce, kuma ba da albashin shekarar ake lissafi ba, da matsakaicin kuɗin kwantiragi a shekara ake yi, a ƙara da kuɗin inshora da fansho. Wanda ya wuce karon farko yana biyan kashi 20 cikin ɗari na rarar, karo na biyu a jere kashi 30, na uku zuwa sama kashi 50. Padres ta wuce a 2021 da 2022 da 2023. Idan ta sauka ƙasa da iyakar kaka ɗaya, lissafin ya koma farko.

Idan ta riƙe shi ya tafi, me za ta samu? Za ta yi masa tayin ƙa'ida na shekara ɗaya, wanda bana ya kama dala miliyan 20.325, ya ƙi, a ba ta gurbi ɗaya a zaɓen sababbin 'yan wasa. Ga ƙungiyar da ta biya harajin, gurbin yana zuwa ne bayan zagaye na huɗu. Wannan ba diyyar Soto ba ce.

Sarkin Jifa

Malam ya gama maganar kuɗi. Ni ramin da nake gani a fagen jifa yake, kuma shi ne zai nuna abin da za a nema.

Kaka ɗaya tana cin inin, wato zangon jifa a wasa, kusan 1,450. Waɗanda kwantiraginsu ya ƙare su ne Blake Snell, wanda ya ci kyautar Cy Young ta gwanin masu jifa da ERA 2.25 (matsakaicin makin da ake ci wa mai jifa a inin tara) a inin 180, da Seth Lugo mai 146, da Michael Wacha mai 134, da Nick Martinez mai 110, da Josh Hader mai rufe wasa da 56. Haɗa su ka ga sun haura 620, fiye da kashi 40 cikin ɗari na jifan kakar gaba ɗaya. Biyun da suka rage a masu buɗe wasa, Darvish ya ƙare kaka da ciwon gwiwar hannu kuma shekarunsa 37, Musgrove ya ƙare da ciwon kafaɗa. Sayen inin 600 a kasuwa bana zai ci kuɗin da ba ta da shi.

Don haka ni ba zan nemi yaro ɗan shekara 18 da ake yi wa kirari ba. Zan nemi hannuwan da za su yi jifa a watan Afrilu, masu sauran shekaru a hannun ƙungiya, masu albashi kusa da mafi ƙanƙanta, wanda a 2024 dala 740,000 ne. Ƙungiyar da ta fi dacewa ita ce Yankees. Ita ma, kamar Padres, ta ƙare da nasara 82 da rashin nasara 80, ba ta da bahagon mai bugu na kirki, katangar dama ta filinta ƙafa 314 ce kawai, abin da ke taimakon bahago irin Soto, kuma Jasson Domínguez an yi masa aikin gwiwar hannu a Satumba, ba zai dawo da wuri ba. Tana da buƙata, tana da kuɗi, tana da masu jifa.

Na farko a jerina Michael King. ERA 2.75 a inin 104 da ɗoriya, an mayar da shi mai buɗe wasa a ƙarshen kaka kuma ya riƙe, yana hannun ƙungiya har ƙarshen 2025. Sai dai a yi hattara da abu biyu. Ƙashin gwiwar hannunsa ya karye a Yulin 2022, kuma bai taɓa ɗaukar nauyin cikakkiyar kaka yana buɗe wasa a babban rukuni ba. A lissafa masa inin 140 zuwa 150, abin da ya ƙaru riba ce. Na biyu Clarke Schmidt, wanda ya jefa inin 159 da ERA 4.64. Bai kai King kaifi ba, amma yana nan har 2027. Yankees ba za ta so ba da su biyun tare ba, domin ita ma za ta buɗe wa kanta rami. Idan ta ƙi, a karɓi ɗaya, a haɗa da Drew Thorpe, wanda ya fi kowa fitar da masu bugu a ƙananan rukunai bana da 182, sannan Jhony Brito ko Randy Vásquez, waɗanda suka ɗanɗana babban rukuni a 2023. A nemi mai kamun ƙwallo ma, tunda an saki Austin Nola kuma kwantiragin Gary Sánchez ya ƙare, Luis Campusano kaɗai ya rage abin dogaro.

Abu biyu ke yawan ɓata irin wannan ciniki. Ɗaya jerin mutum 40, wato babban jerin 'yan wasan da kowace ƙungiya ke riƙe da su. Duk wanda aka karɓa yana cikin jerin can, dole a ba shi gurbi a nan, idan babu sai an saki wani. Thorpe a 2022 aka zaɓe shi, bai buƙatar gurbi tukuna, wannan ƙarin daraja ce. A duba kuma ko yaron yana da sauran damar saukar da shi ƙaramin rukuni. Shekara uku ce damar, idan ta ƙare ba a saukar da shi sai an bi da shi ta gaban sauran ƙungiyoyi, kowa na iya ɗauka. Na biyu takardun likita. A cinikin da Boston ta ba Dodgers Mookie Betts a Fabrairun 2020, an riga an daidaita Brusdar Graterol zai je Boston, da suka ga takardunsa suka ja baya, sai da aka sake tsara cinikin daga tushe. Kada kowa ya yi murna da sanarwar farko kafin likitoci su duba kafaɗa da gwiwar hannu.

Hajiya Mai Alƙalami

'Yan uwa, ban yarda an gama magana ba. Ku dubi yadda kakar 2023 ta tafi. Padres ta ci maki 752, an ci ta 648, tazarar 104. Ƙungiya mai irin wannan tazara takan kai nasara 90 ko fiye. Abin da ya kashe ta wasannin da aka tashi da bambancin maki ɗaya ne, ta ci 9 ta rasa 23, a na ƙarin lokaci kuma ta ci 2 ta rasa 12. Irin wannan ba ya maimaituwa shekara biyu a jere. Machado da Bogaerts duk sun shiga shekara 31, kowace kaka da ta wuce tana rage musu ƙarfi, kuɗinsu kuwa ba ya raguwa. Idan ba yanzu za a nemi kofi ba, yaushe?

Sannan tarihin sayar da tauraro mai saura kaka ɗaya ba ya faranta rai. Boston ta ba da Betts, ta samu Alex Verdugo da Jeter Downs da Connor Wong. Dodgers ta ɗaure shi da miliyan 365 na shekara 12, ta ci kofin duniya a shekarar. Downs kuwa Boston ta sake shi a Disambar 2022. Idan aka cire Soto, wa zai tsaya a bangaren hagu na bayan fili? Tatis ne kaɗai mai bugu abin dogaro a bayan filin gaba ɗaya. Me zai hana a fitar da Jake Cronenworth ko Trent Grisham ko Ha-Seong Kim, a riƙe Soto har Yuli, idan abu ya ƙi sai a sayar?

Malam Lissafi

Hajiya, maganarki ta wasannin maki ɗaya gaskiya ce, amma tazarar 104 ɗin da masu jifan da suka tafi aka same ta. Padres na cikin waɗanda aka fi kasa ci wa maki a rukuninta, kuma Snell da Lugo da Wacha ne suka ɗauki nauyin. Ba wannan ƙungiyar ce za ta shiga fili a 2024 ba.

Mu bi madadin ɗaya bayan ɗaya. Machado da Bogaerts da Darvish suna da sharaɗin hana musaya sai da yardarsu, kuma babu mai ɗaukar ragowar kuɗinsu. Kwantiragin Cronenworth na miliyan 80 a shekara 7 yanzu zai fara aiki, ga shi matsakaicin bugunsa .229 ne kawai bana. Kafin a karɓe shi sai an haɗa da kuɗi ko da yaro mai daraja, wato ke za ki biya a ɗauka. Grisham ya buga .198, duk da kyautar gwanin tsaro biyu da yake da su, albashinsa wajen miliyan 5 ne, ba zai toshe komai ba. Shi dai a haɗa shi cikin cinikin Soto. Kim kam zai kawo kaya, ya ci kyautar gwanin tsaro bana kuma kwantiraginsa miliyan 28 ne a shekara 4, sai dai arharsa ce ta sa fitar da shi ba ya rage nauyi. Ki lura an riga an fara tsuke bakin aljihu, an tura Scott Barlow Cleveland an karɓi Enyel De Los Santos mai ƙaramin albashi. Mutum ɗaya ne fitarsa ke sauke miliyan 30 kuma ta kawo masu jifa a lokaci guda.

Jira zuwa Yuli yana da hasara uku. An riga an biya kashi biyu cikin uku na albashin. Mai saye wata biyu kawai zai mora. Kuma ƙa'ida ta ce wanda aka yi musayarsa a tsakiyar kaka ba a yi masa tayin ƙa'ida, saboda haka mai saye ba zai samu gurbin diyya ba, zai rage farashi. Ban da haɗarin rauni, wanda idan ya faɗa a watan Yuni an tashi a tutar babu.

Darasin Betts a wurina daban ne. Boston ta cusa mai jifa David Price da rabin kuɗinsa cikin cinikin don rage nauyi, wannan ne ya rage abin da ta samu. Idan Preller ya ce sai an haɗa da Cronenworth, zai rasa King ko Thorpe. A sayar da Soto da tsabtarsa.

Baban Ummi

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Saura tambaya ɗaya. Ba za a iya ba mai saye dama ya fara daidaitawa da Soto kan dogon kwantiragi ba, don farashin ya tashi?

Sarkin Jifa

Akwai hanyar. Ƙungiyoyin biyu sukan daidaita tukuna, sannan a nemi izinin ofishin shugaban gasar, a ba mai saye awa 72 ya yi magana da ɗan wasan. Haka Mets ta yi da Johan Santana a farkon 2008, ta ba shi miliyan 137.5 na shekara 6 kafin cinikin da Minnesota ya tabbata. Amma Santana yana da sharaɗin hana musaya, shi ya ba shi ikon cewa sai an biya shi kafin ya tafi, kuma yana son sa hannun. Soto ba shi da sharaɗin, ba shi kuma da dalilin gaggawa, musamman da babban tauraro Shohei Ohtani ke kasuwa yanzu, kowa na jiran ya ga inda kuɗinsa zai tsaya. Idan aka buɗe tagar ya ƙi, cinikin ya rushe a bainar jama'a, sauran masu saye su rage tayi. Gara Preller ya jira Ohtani ya zaɓi ƙungiya, domin waɗanda suka rasa shi, irin su Toronto ko San Francisco ko Cubs, za su iya juyowa su ɗaga wa Yankees farashi. Kada dai jiran ya wuce tsakiyar Disamba, saboda kuɗin da aka sauke da su za a sayi sauran masu jifa, kuma masu matsakaicin farashi ne ake fara kwashewa a kasuwa.