Maigidana ya dawo daga Borno, barci ya gagare shi

Mai neman shawara: Assalamu alaikum. Don Allah a sakaya sunana. Maigidana soja ne, yana Borno tun ana ce wa aikin Lafiya Dole har aka mayar da shi Haɗin Kai a 2021. Ya dawo da ƙafafunsa, alhamdulillah, amma ba ya barci. Da ya runtsa sai ya zabura jiƙe da gumi yana kiran sunan abokinsa da nakiya ta tashi da motarsu. Yara suka fasa nokawut a layi, sai ga shi kwance a tsakar gida. Yaranmu sun fara gudunsa saboda tsawa. Hajiyarsu ta ce sammu ne, an yi ruƙiyya, an sha rubutu, shiru. Yanzu ƙwayar barci yake sayowa a kemis. In na ambaci asibiti sai ya ce shi ba mahaukaci ba ne. Yaya zan yi?

Wata ma'aikaciyar jinya: 'Yar'uwa, alamun nan sun yi kama da abin da likitoci ke kira PTSD, ciwon da firgici mai tsanani ke bari. Tun 1980 aka sa shi cikin kundin cututtukan ƙwaƙwalwa a Amurka, bayan abin da aka gani a jikin sojojin da suka dawo daga Biyetnam. Idan ya wuce wata guda, a ga likita. Ana maganinsa da zaman tattaunawa da ƙwararre, wani lokaci a haɗa da ƙwaya irin sertraline. Ƙwayar kemis ɗin ce ta fi tayar min da hankali. In dangin diazepam ce, ba ta warkar da wannan, kama mutum take yi. Kada ya yanke ta farat ɗaya, likita ne zai rage masa. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa Kaduna, da Maiduguri, da Kware ta Sakkwato.

Tsohon soja: 'Yata, na sha wannan bayan yaƙin Laberiya. Kunya ce ke hana shi, da tsoron a ce ya karaya. Daina ce masa asibitin ƙwaƙwalwa. Ce masa a je a duba rashin barci. Ki nemo wanda suka yi filin daga tare, wanda yake jin nauyinsa, shi zai raka shi wajen likitan bariki ko asibitin sojoji na 44 da ke Kaduna. Kuma in yana mafarkin nan kada ki taɓa shi, ki tsaya nesa ki kira sunansa.

Maman 'yan biyu: Kada ki yi jayayya da Hajiya. A ci gaba da addu'a, a kuma je asibitin, ai ba sa karo.

Ma'aikaciyar jinya: Ki tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, tambayar ba ta sa mutum aikatawa. In ya ce e, ko ya ɗaga hannu a kanki ko yaran, ki fitar da su, ki kira 'yan'uwansa maza, a kawar da makami da ƙwayoyin, a kai shi asibiti a ranar.