Wai lungu na waye, ƙaramar hukuma ko gwamnatin jiha?

Ɗan Cikin Badala:
Salamu alaikum jama'a. Dan Allah masu sani ku fitar da ni daga duhu. Ni a cikin birnin Kano nake, lungunmu irin wanda in ka miƙe hannu biyu saura kaɗan ka taɓa bangon nan da na can. A bakin lungun akwai ɗan fili da bai wuce faɗin mota biyu ba, to nan duk wahalar take. Da magariba maƙwabta uku ke rige-rigen yin fakin a gurin tunda motar ba ta shiga ciki, da rana 'yan adaidaita sun mai da shi tasha, ga mai shayi ya kafa teburi, ga wani ya ƙara dakali ya ci hanya. Ranar Talata aka yi mana rasuwa, wallahi sai da aka ɗaga makara sama aka tsallakar da ita ta kan but ɗin wata mota, mai motar ya kulle abarsa ya hau adaidaita ya tafi kasuwa. Abin ya tsaya min a rai har yau. Kwatar lungun kuma ba a magana, ruwa kaɗan za a yi ta dawo mana soro.

Tambayata, wa ke da hurumin hana fakin a gurin nan da gyaran kwata? Wani ya ce mu je sakatariya, wani ya ce ɓata takalmi ne kawai, komai na hannun jiha.

Tsohon Akawu:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan wanda ya rasu. Ɗana, a takarda dai lungunku na ƙaramar hukuma ne, wannan ba ja. Kundin tsarin mulki na 1999 yana da jadawali na huɗu inda aka zayyana aikinta, a ciki akwai gina hanyoyi da tituna da gyara su, fitilun titi, magudanan ruwa, kasuwanni, tashoshin mota, raɗa wa tituna suna da sa wa gidaje lamba, har da lasisin kekuna da baro da amalanke. Wato kurar ɗan ga-ruwa da ke shigo muku ma tana ƙarƙashinta.

Amma fa takarda daban, ƙasa daban. Ƙananan hukumomin Kano 44 ne, takwas ne suka haɗu suka yi birni, Birni da Kewaye, Dala, Gwale, Fagge, Nasarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo, kuma titi ɗaya sai ya ratsa uku, shi ya sa jiha ta kafa nata hukumomin. Zirga-zirgar ababen hawa KAROTA, tsarin gini KNUPDA, shara REMASAB. Ga kuma asusun haɗin gwiwa da jiha, wanda kuɗin ƙananan hukumomi suka daɗe suna bi ta cikinsa, ciyaman in ya biya albashi sai ya zauna jiran a sahale masa aikin kwalbati. Kotun ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a dinga tura musu kuɗinsu kai tsaye, to ni dai ina zuba ido in ga ranar da hukuncin zai iso bakin kwata.

Shawara, kar ku fara da sakatariya. Ku fara da mai unguwa. Ya tara masu motar da mai shayin da wanda ya yi dakalin, a yi magana gaban limami, a rubuta abin da aka tsayar kowa ya sa hannu. Sannan ku ɗauki kwafi ku kai wa kansila, wani kwafin sashen ayyuka, kuma kar wanda ya bar ofis sai an buga masa hatimin karɓa. Takardar da ba hatimi ba a kawo ta ba, wannan na gani da idona shekara da shekaru. Dakalin nan shi ne mai wuya, in mai shi ya ƙi rushewa da kansa maganar ta koma ta masu tsara birni.

Mai Sahu:
Baba Akawu ya gama magana, amma a bar ni in ɗan kare kanmu tunda an ambato mu. Yallaɓai mu ba son tsayuwa a bakin lungu muke ba, nan fasinja yake. Ku tuna da can ɗan acaɓa har ƙofar gida yake kai ka komai matsin lungu, sai aka hana acaɓa a Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa marigayi Sarki Ado Bayero, kowa ya koma adaidaita, wadda asalinta ma zamanin Malam Shekarau aka kawo ta don mata. To ita ƙafa uku gare ta, ba ta shiga inda babur ke shiga, dole ta tsaya a baki. An canja abin hawan gari kaf amma ba wanda ya zauna ya ce ga inda za su dinga tsayawa, ka tsaya a titi a kama ka, ka matso lungu masu gida su kore ka, ga balas, kuɗin da kake kai wa mai mashin, na jiranka da yamma, mai mashin ba ruwansa da a ina ka tsaya.

Kuma kullum a sama ake yanke hukunci sai dai mu ji a rediyo. Janairun 2022 an yi yajin aiki kan kuɗin sabunta rajista naira 8,000, garin nan kowa ya taka sayyada. Ƙarshen Nuwamban shekarar aka ce an hana mu bin hanyar Mundubawa zuwa Gezawa da ta Tal'udu zuwa Gwarzo, wai an kawo bas 100 da tasi 50, ba a kwana biyu ba aka janye don mutane sun yi cirko-cirko a titi. Bas ɗari a Kano fa, haba. Ku ware mana gurin mashin biyu a gefe ku ja layi da fenti, wanda ya wuce layin ni da kaina zan ce a kai shi gun shugabannin tasha.

Maman Ummi:
Hmm, ku maza ta mota kuke. Mu da ke bin lungun da goyo da yara 'yan Islamiyya mu muka san zafinsa. Namu lungun an sa masa intalok lokacin Lungu Kal-Kal na Kwankwaso, ya yi kyau wallahi har yara na kwanciya a kai, amma daga baya duk mai jan ruwa sai ya ɓalle ya binne fayif ya mayar yadda ya ga dama, yanzu ya koma tudu da kwari, tsohuwata sau biyu tana faɗuwa. Lokacin da aka hana adaidaita fita daga ƙarfe 10 na dare maƙwabciyata naƙuda ta kama ta, motar da za ta kai ta asibiti wata ta tare ta, aka dinga buga gida ana neman mai makulli. Gadar Dangi da ta Hotoro da ta Ƙofar Nassarawa duk mun gani mun gode, amma ni sau nawa nake hawa gada a wata? Lungu kuwa sau biyar a rana.

Malam mai tambaya, in za ku yi zaman ku aiko a ji ta bakin matan gidajen, kar ku gama ku ce an gama.

Ɗan Kwari:
Hajiya gada ma tana da ranarta, wanda ya san Ƙofar Nassarawa kafin a yi gadar ba zai raina ta ba. Ni abin da na gani, ana barin mutum ya gina filaza mai shago hamsin ba gurin ajiye mota ko ɗaya, je ki titin IBB da la'asar ki ga. Kuma masu motar lungun nan su nemi kango ko gidan mai na kusa su dinga biyan maigadi duk wata, mu haka muke yi, tafiyar minti uku ce.

Ɗan Cikin Badala:
Na gode ƙwarai, Baba Akawu Allah ya ƙara girma. Jiya bayan isha na samu mai unguwa, ya sa zama ranar Juma'a bayan la'asar a ƙofar masallaci. Biyu cikin masu motar sun yarda, na ukun ya ce filin tun kakansa nan ake ɗaure doki, to za mu ji. Mai Sahu zan kai maganar fentin nan, Hajiya kuma matar liman za ta zaga gidaje ta ji ta mata. Baba, takardar da Hausa za mu rubuta ko dole sai da Turanci?

Tsohon Akawu:
Rubuta da Hausa, ta wadatar. Ku auna faɗin bakin lungun da tef ku sa a ciki, ku haɗa da hoton kwatar ranar da aka yi ruwa. Kuma wanda zai kai ya je Litinin da hantsi, kar ya je ranar Juma'a.